Shanun Baffa a Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kayan miyan bakin kasuwar Safana sai da ya dakata da awo ya ce wai da gaske ne na tsallaka ƙasa don in koyo wasan laka. Da gaske ne. Na gaji da ba da shi gutsi-gutsi, kowa ina tsinko masa wurin da zai ba shi dariya, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi tun daga tushe. Wanda ya zo jin labarin benaye da manyan tituna ya yi haƙuri, domin fiye da rabin labarin nan na mahaifina ne.

Baffa muke ce masa. A rugarmu ta wajen Ruma aka haife shi, can ya tsufa a bayan shanu, har ranar da ɓarayin daji suka zo da rana tsaka suka kore garken gaba ɗaya. Ba su taɓa kowa ba, mun gode Allah. Muka kwaso shi da Inna zuwa Batsari, aka ba su ɗaki a gidan wani ɗan'uwa. Tun daga nan Baffa ya zama wani mutum daban. Shi da in ya ɗaga murya ya kira shanunsa ana jin sa daga ƙetaren rafi, ya koma sai ka kasa kunne kafin ka ji amsar gaisuwarsa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abinci. Tuwo loma biyu ya ture. Fura kuwa, wadda a da ita ce safiyarsa ita ce ranarsa, ya daina sha sam, ya ce ba zai sha nonon saniyar da bai sani ba. Muna kallo yana zubewa, kullum wuyan rigarsa ƙara faɗi yake.

Abu ɗaya ya rage masa. Ranar da suka taso, kowa na ɗaukar tukunya da tabarma, shi laka ya ƙunso daga bakin rafin da yake shayarwa. Da ita ya riƙa gina 'yan shanu irin na yaran ruga, yana cewa na jikoki ne, amma ba jikan da ya isa ya taɓa su. Kowace da sunan ɗaya daga cikin shanunsa da aka kore, kowace da irin ƙahonta. Ba ya yi musu ido, wai tun yana yaro aka hore shi kada ya cika halittar abin da ba zai iya ba shi rai ba. Yana ajiye su a wani gwangwanin alewa cikin ƙaiƙayi. Wadda ya fi ji da ita sunanta Wule, baƙar saniya mai farin goshi, har farar ƙasa ya samo ya shafa mata.

Ni da nake koyarwa a firamare, ganin nasa ne ya sa na fara sa yaran ajina gina dabbobi. Wani abokin aiki ya ɗauki hoto ya tura, hoton ya yi ta yawo har ya faɗa hannun wata ƙungiya a Nijar mai tara malamai tana koya musu yadda ake sa abin da aka gina da laka ya yi motsi a majigi. Suka gayyace ni. Maigidana ya amince, amma aiki ya riƙe shi, ya ce kuma ba zan yi wannan nisan ni kaɗai ba. Inna ce ta ce a tafi da Baffa. Ta ja ni bayan ɗaki ta ce ko ba komai iska ta buge shi, don in ya ci gaba da wannan zaman ba ta ga zai kai damina ba. Da wannan maganar a raina na shiga mota.

Baffa ya ce shi rakiya kawai zai yi, ba ruwansa da wasan yara. Da gari ya waye sai ga shi da sandarsa da malfarsa, gwangwanin nan a hammata. Na yi kamar ban gani ba.

Daga Batsari ba mai hankalin da zai ratsa daji zuwa Jibiya yanzu, don haka muka zaga ta Katsina. A tashar Katsina aka cusa mu kujerar baya tare da wata Hajiya Ta-Maraɗi, mace mai jiki da baki, wadda ta ƙi yarda a sa buhun dankalinta a but, wai za a danne mata shi. A kan ƙafafunmu buhun ya yi tafiyar. Kafin mu kai Jibiya na san sunayen 'ya'yanta duka da ciwon gwiwarta da abin da surukarta ta ce ranar suna. Ta yi ta jan Baffa da hira, shi kuma ba abin da yake cewa sai to, madalla. Wani wuri direba ya faɗa rami, buhun ya yi tsalle ya dira a cinyar Baffa, daidai kan gwangwanin. Hajiya ta duba dankalinta ta ce alhamdu lillahi.

A iyaka aka sauke mu duka. Jami'an ɓangarenmu suka duba takardu suka sallame mu, muka taka zuwa na ɓangaren Nijar. Wani dogon jandarma ya nuna gwangwanin ya ce, "Tsoho, mi ke ciki?" Baffa ya ce shanu ne. Jandarman ya dube ni, na dubi ƙasa. Da ya buɗe ya tone ƙaiƙayin sai fuskarsa ta sauya, ya ɗauko ɗaya ya juya ta a hannu, ya koma yi wa Baffa Fulatanci. Ashe shi ma ɗan ruga ne. Yana fito da su ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan Wule, sai ga ta ba ƙafar gaba, ƙaho ɗaya ya ɓalle. Na ga yadda Baffa ya riƙe sandarsa. Jandarman nan, da bindigarsa da komai, ya durƙusa yana laluben ƙaiƙayi har ya samo ƙafar da ƙahon, ya naɗe su a takarda ya miƙa wa Baffa da hannu biyu. Layi ya yi tsawo a bayanmu, ba wanda ya yi ƙorafi.

Hajiya da ta gane aikin buhunta ne sai ta rantse ba inda za mu kwana a Maraɗi sai gidanta. Maraɗi kam kamar Katsina ce aka matsar gaba kaɗan, Hausarsu ta fi kama da ta kakata fiye da tawa. Ta yanka mana kaza, ta aika aka samo nono mai kyau aka dama fura. Baffa ya karɓi ƙwaryar ya yi godiya, ya kai baki ya jiƙa leɓe, ya ajiye. Da safe aka kawo shayi da wani dogon burodi mai tauri. Na ce wa Hajiya mu a wajenmu in burodi ya kai haka ƙarfi kaji ake jiƙa wa. Ta ce mu 'yan Najeriya ai katifa muke ci muna kiranta burodi.

Daga nan muka hau babbar mota zuwa Yamai, tafiyar da ba ta ƙarewa. Abin da ya burge ni shi ne lokacin salla na yi direba zai tsaya ba sai an roƙe shi ba. Bayan Ƙonni muka riƙa wuce garkunan jajayen shanu masu dogayen ƙahoni. Duk lokacin da muka hango su sai Baffa ya jawo malfa ya rufe fuska kamar mai barci. Zuciyata ta yi ta ce mini na yi kuskure, na kawo shi inda za a fama masa ciwo. Sai da muka wuce Dosso sannan wani ya yi ihu wai ga raƙuman dawa. Mota ta karkata gefe ɗaya don kallo. Baffa ya ɗaga malfa ya daɗe yana duban su, sannan ya ce a hankali, "Wagga in ta yi ciwon wuya, mai ita ya shiga uku." Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawon haka har na manta.

A Yamai ɗakunan kwanan wata makaranta aka sauke mu, ni cikin mata, Baffa tare da maigadi. Garin Zabarmawa ne, ko da yake kusan kowa na jin Hausa. Na koyi cewa fofo, ita ce sannunsu, na riƙa rabawa kowa har da wanda bai tambaya ba. Mata na tuƙa babur da hijabinsu ba mai waiwayen su. Da rana ta take sai gari ya yi tsit, kowa ya tafi hutu, ka je shago ka tarar da kujera ba mai ita. Dambun zogalensu kuwa ban ci irinsa ba, har na tambayi mai dafa mana sirrinsa ta ce ba sirri, ba sa rowar mai ne kawai.

Mai koyar da mu wata Madam Zalika ce, siririya mai tabarau, ba ta iya zama wuri ɗaya. Ranar farko ta ce kafin mu taɓa laka sai mun ga aikin na da. Aka rufe tagogi, aka kira iyalan ma'aikatan makarantar, mata da yara da tsofaffi suka cika tabarmi. Tsofaffin finafinai ne na ƙasashen Turawa, waɗanda aka yi tun kafin zuwan kwamfuta, kuma duk na dodanni ne. Amma wane irin dodo! Akwai wani mai ido uku da ya sauko daga dutse zai tsorata gari, mura ta kama shi, duk lokacin da ya wage baki zai yi ruri sai atishawa ta zo haƙori ɗaya ya fita. Yana bin haƙoransa yana tsinta, uwarsa ta zo ta ja shi da kunne. Yara suka yi ta birgima, wata tsohuwa a gefena tana dariya tana salati. Madam ta bayyana mana cewa kowane dodo da hannu aka gina shi a kan ƙashin waya. A matsar da hannunsa kamar faɗin ƙwayar gero, a ɗauki hoto, a sake matsarwa, a sake ɗauka. Sai a wuni ana yi a samu abin da bai kai kurɓin ruwa ba.

Baffa yana bakin ƙofa, wai gadin takalma yake. Da aka watse sai ya aiko ni in roƙa masa a sake nuna mai ido ukun, a tsayar da shi wuri ɗaya. Ya matso har gaban bangon da ake haska fim ɗin, ya ɗaga sanda ya nuna wuyan dodon. Da na duba da kyau sai ga shatin babban yatsa a jikin lakar.

"Ga hannun mai shi nan," in ji Baffa. "Wani ya zauna ya sha wahala a kansa. Wanga ba dodon daji ba ne, ɗan gida ne."

Aka ce kowane malami ya tsara ɗan gajeren fim mai dodo a ciki. Ni ban yi dogon tunani ba. Dodo zai zo ya saci shanu, mutanen ruga su bi shi da sanduna su yi masa dukan da ba zai tashi ba. Madam ta saurara ta ce to a ina yara za su yi dariya? Na ce ni dai zan yi. Haushin da na daɗe ina haɗiyewa ne ya sami ƙofa.

Bayan la'asar na tarar da Baffa a gindin wata bishiyar maina, na ba shi labarin. Ya ce ba haka za a yi ba, domin Wule ba ta bin wanda ba ta sani ba. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce ba ta ba da nono sai an sosa mata ƙasan wuya. Ya ce ba ta shiga cunkoso, sai duk garke ya sha ya koma gefe sannan take matsowa bakin ruwa, kuma dole mai kiwo ya tsaya ya jira ta, in ba haka ba da ƙishirwarta za ta juya.

"Ni ba rashinsu ke hana ni cin abinci ba," ya ce. "Allah ya ba ni, shi ya karɓa. Tunanina, wa ke jiran ta ta sha ruwa."

Duk tsawon lokacin nan muna ta ba shi haƙuri a kan dukiya, ashe ba mu san inda ke yi masa ciwo ba. Na juya kai na yi kamar ina gyara mayafi.

Washegari ya biyo ni ɗakin aiki da gwangwaninsa. Madam ta gaya masa busasshiyar laka ba ta motsi, ta ba shi irin tasu mai maiƙo wadda ba ta bushewa, don ya gina wata sabuwa. Ya shinshina ta ya mayar. Ya ce Wule ƙasar Ruma ce. Ya nemi kofi da ruwa, ya kwance takardar jandarman nan ya zuba ƙafa da ƙaho, sannan ya ɗauki sauran jikinta ya murƙushe da hannunsa. Ban iya kallo ba. Da ta jiƙa ya cuɗa ta, ya sake gina ta a kan wayar da Madam ta lanƙwasa masa. Madam ta ce lakar ruwa tsagewa take a ƙarƙashin fitila. Ya ce ba komai, zai zauna kusa da ita. Ta kawo 'yan duwatsun ado za ta liƙa mata ido, ya tare da hannu ya ce a bar ta, ta san hanya.

Haka muka yi kwanaki. Ni ke motsa dodo, wanda na gina da ƙaton ciki da ƙaramar hula. Waɗanda suka ce ya yi kama da wani a ofishinmu, su suka faɗa, ba ni ba. Baffa ke motsa Wule, ga gashin kaza da kofin ruwa a gefensa, da ya ga tsaga sai ya shafe. Ranar nan gefen hijabina ya kwashi teburin, aikin safiya guda ya tafi. Na zauna zan yi kuka, Baffa ya ce in tashi, maraƙi ma sai ya faɗi sau nawa kafin ya tsaya. Wata rana kuma fanka ta ɗauke hular dodo, muka same ta a cikin shayin Madam.

Labarin ya koma yadda Baffa ya so. Dodo ya ɗaura wa Wule igiya ya ja, ba ta motsa ba. Ya koma baya ya tura, ta zauna masa a ƙafa. Ya miƙa mata ciyawa, ta cinye ciyawar ta haɗa da hularsa. Sai a ji kira daga nesa, ta ɗaga kai, ta juya, ta zura da gudu tana jan dodo ta cikin ƙaya da rafi har ruga, inda maraƙi zai lashe masa fuska.

Kiran ne ya rage. Mai ɗaukar sauti, wani Isufu, ya ce zai yi fito kawai. Baffa ya ce kare ake kira da fito. Aka ce to ya zo ya yi. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai katifa a bango, aka kafa masa abin magana. Ya buɗe baki ba abin da ya fito. Ya sake, haka. Can ya ce ba a kiran shanu a ɗaki. Isufu bai yi musu ba, ya kwashi kayansa muka fita filin ƙwallon makarantar. Baffa ya tambayi maigadi ina ne gabas, ya fuskanci can, wajen gida. Ya cire malfa ya ba ni, ya saɓa sanda a kafaɗa.

Da farko muryar ta fito a shaƙe. Sai ta buɗe, ta yi sama, irin yadda na san ta tun ina ƙarama ina maƙale a bayan Inna. Awakin maigadi suka bar kiwo suka ɗago kai. Wule kaɗai muke buƙata, amma bai tsaya a kanta ba, ya bi su da suna ɗaya bayan ɗaya, har 'yan maruƙan da ban san ya raɗa musu suna ba. Isufu bai kashe na'urarsa ba sai da ya gama. Ni kam na yi kuka har da shessheƙa, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Ranar da aka nuna finafinanmu, namu ya sha tafi. Wajen da Wule ta cinye hula na leƙa Baffa na ga kafaɗunsa na rawa a ƙarƙashin malfa. Na yi murna, amma murnar ba ta cika ba, don da aka kawo abinci loma biyun nan dai ya yi ya ture. A hanyar dawowa bai rufe fuska ba da muka wuce jajayen shanu, har yana nuna mini wadda ke da ciki. Mun nemi jandarman nan a iyaka, aka ce ba shi ke aiki ba ranar. Baffa ya bar masa ɗaya daga cikin shanun gwangwanin.

A Batsari maƙwabta suka matsa sai sun gani. Na aro kwamfuta da lasifika, muka taru a zaure bayan la'asar, yara har kan taga. Inna ta ce ita ba ta da lokacin kallon dodo, tana da wanke-wanke, ta yi zamanta a cikin gida. Aka fara, dodo ya ja, ya tura, ya rasa hula, zaure ya kaure da dariya. Sai kiran ya tashi.

Kafin Wule ta gama ɗaga kai muka ji saurin takalmi. Inna ce ta fito daga cikin gida, hannunta duk kumfa, riƙe da ƙwaryar tatsa, wadda ke rataye a bango tun ranar da suka baro Ruma. Ta nufi ƙofar waje da sauri kamar yadda ta saba in garke ya kusa. Sai da ta kai tsakiyar zauren ta ga mutane, ta ga kwamfutar, ta tsaya cak. Ta dubi ƙwaryar da ke hannunta. Dodo na can yana shan ƙaya, ba mai kallon sa.

Baffa ya daɗe yana duban ta. Sannan ya ce, da muryar da kowa ya ji, "Tun da kin ɗauko ta, kada ki mai da ita haka nan. Dama mini hura."

Inna ta goge ido da gefen zane ta ce nonon da ke gidan na saye ne.

"Na sani," in ji shi. "Ita ma saniyar da aka tatsa, wani ya tsaya ya jira ta ta sha ruwa."

Ta dama ta kawo masa nan cikin mutane. Ya yi bisimilla ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwaryar. Ya miƙa mata ya tambaya ko da saura.